Launi Namu, Ma'auni Nasu

Akwai wani tsohon mazauni kusa da Yelwa, a ƙasar Yauri, wanda littattafan masu binciken kayan tarihi ba su san shi da suna ba, sai da lamba: RS63/32. An haƙa shi ƙarƙashin jagorancin A. J. Priddy a shekarun da ake gina madatsar Kainji, lokacin da ake rige-rige da ruwa domin a ceci abin da zai cetu. An fito da tukwane da kayan ƙarfe da 'yan siffofin yumɓu, awon kabon kuma ya nuna cewa mutane sun rayu a wurin tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na Miladiyya. Rahoton ya fito a 1970, da Turanci, a wata mujalla ta masana. Ni da na yi firamare da sakandare a wannan ƙasa ban taɓa jin an ambaci wurin a aji ba. Har yau lambar nan ce sunansa, domin waɗanda suka auna shi su ne suka raɗa masa suna, mu kuwa ko goron sunan ba mu ci ba.

Hujjata a wannan maƙala ita ce, al'ummar da ba ta iya auna abin da hannunta ya yi ba, wani ne zai riƙa faɗa mata shekarunsa da asalinsa da darajarsa, ita kuma sai dai ta gyaɗa kai. Akwai fannin ilimi guda wanda aikinsa ke nan game da zane da launi, wato nazarin zane ta hanyar kimiyya. Jami'o'inmu na Arewa sun bar shi ya faɗa ramin da ke tsakanin tsangayar fasaha da tsangayar kimiyya, kowacce tana cewa na ɗayar ne. Matashin da ya so ya mai da shi sana'ar rayuwarsa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ina ganin wannan sakaci ne, kuma uzurorin da ake kawowa a kansa ba su da ƙafar tsayuwa.

Bari in fara da bayyana fannin, domin da yawa daga masu raina shi ba su san abin da suke rainawa ba. Masanin tarihin zane irin wanda muka saba da shi yana duban hoto ne ya yi magana a kan salo da ma'ana da zamanin mai zanen. Masanin wannan fanni yana ƙara wasu tambayoyi: da me aka yi shi, a kan me aka yi shi, wane shafi na launi ya riga wane, kuma hannun wa ya taɓa shi bayan hannun mai shi? Yana da na'ura mai girman bindigar wasan yara wadda ke harba hasken eksire a kan ɗigon da bai kai farce ba; kowane sinadari da ke wurin sai ya amsa da tasa alamar, dalma daban, ƙarfe daban, jan ƙarfe daban, zaiba daban, ba tare da an kankare komai ba. Yana da kyamara mai amfani da hasken da ido ba ya gani, wadda ke ratsa fenti ta nuno zanen gawayin da mai zane ya fara shatawa kafin ya rufe shi da launi. Idan ta kama dole, yakan ɗauki ɓarɓashin da bai kai ƙwayar gero ba, ya yanka shi a tsaye, ya sa a madubin ƙara girma, sai ya ga shafe-shafen launi a jere kamar yadda mai haƙar rijiya ke ganin jar ƙasa da yashi da marmara, wani a kan wani.

Abin da wannan awo ke iya yi ya bayyana a shari'ar Wolfgang Beltracchi a Jamus. Mutumin ya shafe shekaru yana zana hotuna da sunan mashahuran masu zane na farkon ƙarni na 20, manyan masana suna dubawa da ido suna sa hannu cewa na gaske ne, attajirai suna zuba miliyoyi. Abin da ya kama shi ɗigon farin fenti ne. A wani hoto da aka ce Heinrich Campendonk ya zana a 1914, gwaji ya gano farin launi na sinadarin taitaniyom, wanda bai shiga hannun masu zane ba sai bayan wannan shekara. A 2011 kotu ta ɗaure shi shekara shida. A Amstadam kuwa, tun 2019 aka kewaye wani babban hoto da Rembrandt ya gama a 1642 da ɗakin gilashi, masana kimiyya da masana tarihi suna bin sa taƙi bayan taƙi a gaban 'yan kallo. Jami'o'i irin na Gilasgo da Amstadam suna ba da digiri na biyu a wannan fanni, kuma mai neman gurbi a makarantun adana kayan tarihi na Turai ya san sai ya zo da ilimin sinadarai a hannu.

A nan ne mai musu na farko yake miƙewa ya ce, to ai wannan na masu hotunan bango ne. Mu ina muka ga zanen da za a auna? Wannan magana ta fi ba ni haushi a kan duk sauran, domin tana fitowa ne daga bakin masu ilimi, kuma ma'anarta ita ce sun yarda zane shi ne kawai fentin mai a kan ƙyalle cikin firam. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai shanun da aka zana a jikin dutse, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kan wurinsu tun shekarun 1950. Akwai irinsu a Geji ta ƙasar Bauchi. Akwai adon bango na gidajen Zariya da Kano da Damagaram. Akwai allon zayyana da ake yi wa mai sauka. Akwai ado na alamar hizifi da sajada a gefen Alƙur'anan da alarammomi suka rubuta da ka. Akwai jar fata da koriyar fata ta dukawa, da baƙin rawani mai sheƙi da ya fito daga marina da mabuga. Mu nan bakin ruwa muna da jiragen da ake yi wa ado ranar Rigata, da tukwanen matan Kambari da Gungawa. Duk wannan launi ne da wani hannu ya ɗora a kan wani abu, da dabara, da kayan haɗi, a wani zamani. Duk abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa yana da tarihi a jikinsa, kuma ana iya karanta shi.

Dubi takardunmu na da, domin a nan ne lamarin ya fi tsanani. Tawadar da almajiri ke rubutu da ita a allo ta gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne domin ta wanku. Akwai kuma wadda ake haɗawa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, wadda ke kama takarda ta zauna. Ido yana ganin su duka baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa, amma halinsu ya saɓa. Ta gawayi ba ta cin takarda, sai dai ruwa na taɓa ta ta tafi. Ta ƙarfe ba ta tsoron ruwa kamar waccan, amma idan danshi ya yi yawa takan ci takardar a hankali har haruffa su zama huda, a ɗaga shafi a ga haske ta cikin kalmomi. Saboda haka maganin da zai ceci wannan littafi shi ne zai kashe wancan. A garuruwanmu na gefen tafki, inda danshi da gara da ambaliya ba baƙi ba ne, gafakar kakanni tana jiƙewa a kowace damina mai ƙarfi, kuma abin da mai gida ya sani shi ne ya shanya ta a rana, ya liƙe yagaggen wuri da salatif, ko ya kai shagon kwamfuta a rufe masa shafin da leda a na'ura mai zafi. Yana yi ne da ƙauna, kuma da ƙaunar yake hallaka shi. Ba a taɓa horar da wanda zai gaya masa ba.

Takardar kanta shaida ce. Mafi yawan littattafanmu na ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku a cikinta, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga ta ga haske. Masana'antu irin na zuriyar Galvani a Pordenone, kusa da Banis, su ke yin ta, fatake su ɗauko ta ta Tarabulus da Masar su ƙetaro Sahara. Tambarin yana sauyawa daga zamani zuwa zamani, don haka yana iya kafa iyakar shekarun littafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817. Duk takardar da aka ce da hannunsa ya rubuta ta, idan tambarinta ya nuna an yi ta bayan wannan shekara, to kwafi ce, komai albarkarta. Haka launi. Rinin kanti na farko da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje ya fito a Ingila a 1856, saboda haka shuɗiyar tawada ko ja irin ta wannan dangi ba za ta riga wannan shekara ba. Shuɗin da ya zama bular wanki an fara haɗa shi a Faransa a shekarun 1820, ya kuma ɗauki lokaci kafin ya iso kasuwanninmu; idan aka same shi a shafin ƙasa na adon wani bango, an san bangon bai kai shekarun da ake ba shi ba, ko kuwa an sake shi. Wannan ba rage wa magabata daraja ba ne. Sanin ranar da bula ta shiga fadar wani sarki sanin hanyar fatauci ne, da sanin abin da magini ya zaɓa da aka ba shi zaɓi.

To wa ya yi wannan awo a kanmu zuwa yau? A 2008 wata Ba'amurkiya, Michaelle Biddle, ta zagaya taskokin littattafan Arewa tana duba takarda da tawada, ta tambayi masu haɗa tawada yadda suke yi, ta kuma buga sakamakon gwajinta a 2011. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙasar Yobe ta yau, a ɗakunan gwaje-gwajen Jamus aka tabbatar cewa ya kai kimanin shekara 8,000. A 2023 wasu masana ƙarƙashin Tobias Skowronek suka nuna cewa tagullar da maƙeran Benin suka narka ta fito ne daga yankin kogin Rayin na Jamus. Wato sun maido mana da kayan a 2022, bayani a kan ƙarfen kuma ya biyo baya daga can. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu. Sun yi aiki, kuma ba don su ba da ba mu san abin da muka sani ba. Tun 1830 ma aka fara: 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun zo har Yauri suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya mutu a Busa a 1806. Sun yi tattaki har Yauri domin takardun mutum ɗaya, mu kuwa muna ganin nisan zauren maƙwabci.

Kada a ce ɗan ƙasa ba zai iya ba. Abidemi Babatunde Babalola ya haƙa Igbo Olokun a Ile-Ife, ya auna sinadaran duwatsun ado na gilashi da ya samu, ya tabbatar cewa a nan aka narka gilashin tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da haɗin da ba irin na Turai ko na Gabas ba. Kafin wannan awo, zaton da ya rinjaya shi ne Afirka ta Yamma sayen gilashi kawai take yi ta sake narkawa. Gardamar shekaru ce awo ya kashe. Sai dai a lura: digirinsa na uku a Amurka ya yi shi.

Abin da ya sa nake kiran lamarin sakaci shi ne, kayan aikin suna nan a gida. A Zariya, a makarantar da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, wadda ta sauya alƙiblar zanen zamani a Nijeriya. Sunan makarantar a lokacin ya haɗa fasaha da kimiyya da ƙere-ƙere a layi ɗaya. A wannan jami'a dai akwai sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, akwai sashen ilimin sinadarai, akwai Gidan Arewa a Kaduna da taskarsa ta rubuce-rubucen hannu. Akwai kuma Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, inda na'urar nukiliya ta bincike ta fara aiki tun 2004. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan irin wannan na'ura shi ne tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da yumɓu, har waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Da ita ake iya kwatanta yumɓun tsohuwar tukunya da yumɓun bakin kogi a gane ko a wurin aka gina ta ko kawo ta aka yi. Wato tambayar ko siffofin Yelwa 'yan gida ne ko baƙi tana da wurin amsawa a Samaru. Tsakanin ɗakin masu zane da ɗakin masu awo tafiyar 'yan mintuna ce, amma a manhaja babu hanya.

Ni ilimin sinadarai na karanta. Da na zo shekarar ƙarshe na kai wa wani malami shawarar in yi kundina a kan tawadar bagaruwa: yawan ƙarfen da ke cikinta da yadda take cin takarda. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai aikin 'yan sashen Hausa ne. Je ka auna ruwan rijiya kamar kowa, ka gama lafiya." Na tsallaka wajen wani malamin a ɓangaren fasaha, shi kuma ya ce abin yana da daɗi, amma ba shi da wanda zai duba lissafin. Na auna ruwan rijiya. Ba na ganin laifin mutanen biyu. Kowannensu ya faɗi gaskiyar ɗakin da aka kulle shi a ciki. Kullen kuwa tun daga aji huɗu na sakandare aka yi shi, ranar da ake raba yara gida biyu, masu ƙoƙari a tura su kimiyya, saura a ce su tafi fasaha, kamar fasaha wurin zubar da ragowa ce. Daga ranar yaron da ya iya zane ya yi sallama da ilimin sinadarai, wanda ya iya lissafi kuma ya koyi jin kunyar riƙe burushi. Jarrabawar shiga jami'a ta zo ta sa wa rabon hatimi.

Sakamakon wannan rabo yana cikin kundayen digirinmu, kuma a nan dole in taɓa abokaina masu nazarin al'ada. An rubuta kundaye masu yawa a kan rini da gini da dukanci da zayyana. A buɗe su a ga yadda ake kafa shekarun sana'a: "tun kaka da kakanni", "tun fil azal", "shekaru aru-aru". Tun kaka da kakanni ba kwanan wata ba ne. Ana jera kayan haɗi kamar yadda dattijo ya faɗa, ba a tambayi nawa ake zubawa ba, ba a ɗebo samfuri an ajiye ba, ba a gwada ko abin da ke jikin tsohon bangon shi ne abin da dattijon ya lissafa ba. Sai yabo: gwaninta, hikima, basira. Yabo ba ya hana bango zubewa. An rubuta 1498 a matsayin shekarar kafa marinar Ƙofar Mata a Kano, muna ta maimaitawa. Ina jiran ɗalibin da zai sauka ƙasan tsohon karofi ya ɗebo abin da ya kwanta a can ya gaya mana abin da ƙasa ta ce. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya rubuta kundinsa a kan Yauri ta ƙarni na 19 tun 1968, da ruwayoyin dattawa da takardun taskar tarihi, domin su ne kayan aikin zamaninsa, ya kuma yi amfani da su iyakar ƙarfinsu. Gadonsa a wurinmu shi ne mu yi haka da kayan aikin namu zamanin.

Mai musu na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ina girmama shi. Yana cewa, ƙasar da yara ke barin makaranta saboda tsoro, jirage ke kifewa da mutane a tafki, asibiti ba magani, ita ce za ta kashe kuɗi a kan awon fenti? Amsata ita ce ya dubi na'urar da kyau. A 2010, da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, har aka rasa sama da 400 saboda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, na'urar eksire ta hannu ce masu aikin ceto suka riƙa ɗorawa a kan ƙasar tsakar gida suna gane inda za a kwashe. Ita ce dai na'urar da ake ɗorawa a kan hoton Rembrandt. Ƙasar Yauri ma ana haƙar zinariya. Ɗalibin da aka horar ya gane dalma a jikin tsohon allo zai gane ta a ƙasar da yaro ke rarrafe, da fentin bangon aji, da kwallin da ake sa wa jariri. Kuɗin na'urar bai kai na motar alfarma guda ɗaya daga cikin waɗanda ake saya wa manyan jami'ai ba. Wanda ya ce babu kuɗi, ya fara ƙirga motocin.

Akwai kuma batun kasuwa, ga mai son a yi masa magana da harshen riba. A 2018 aka sayar da hoton Tutu na Ben Enwonwu a gwanjon Landan a kan sama da fam miliyan ɗaya. Duk inda irin wannan kuɗi ya sauka, 'yan jabu suna biye. Masu zanen Zariya na farko sun zama tarihi, ayyukansu suna tsufa a ofisoshi da gidaje, fenti yana tsagewa, ƙyalle yana saki. Nan gaba kaɗan za a riƙa tambayar wane ne na gaske, wane ne na jabu, kuma duk hoton da aka yi shakka a kansa sai ya hau jirgi kafin a wanke shi. Kuɗin wankewar can zai zauna.

Mai musu na uku yakan yi magana a hankali, yana cewa zane abu ne da addini ya yi taka-tsantsan da shi. Ba ni da matsayin yin fatawa, kuma ba na bukatarta a nan, domin mafi yawan abin da nake kira a auna ba siffar mai rai ba ne: zayyana ce, da dagi, da adon masallaci, da tawadar Alƙur'ani. Hasali ma wannan fanni ɗan'uwan wani ilimi ne da malamanmu suka fi kowa ƙwarewa a kansa. Masu hadisi ba su karɓi magana don ta yi daɗin ji ba; sun bi isnadi, sun tambayi ko wane ya riski wane, sun auna shekarun haihuwa da na rasuwa. Duba tambarin takarda domin a san ko marubuci ya riske ta irin wannan tambaya ce, aka juya ta ga kaya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. Sanin halin ƙasa da azara da abin da danshi ke yi musu a ƙarƙashin shafe ba shagala ba ne.

Wanda ya ƙi jin duk wannan ya nace sai ya yi karatun, hanya ɗaya ce a gabansa yau: ya nemi tallafi ya tafi Turai. A can za a koya masa farar dalma da man zanen Holan da katakon da Italiyawa ke zane a kai. Zai buɗe taskar samfurorin da ake kwatanta sakamako da su, ya tarar an cika ta da kayan Turai. Makuba, wadda maginanmu ke samu daga ɓawon ɗorawa su shafe bango da daɓe, baƙuwa ce a can. Haka katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan karofi, wanda ake ƙonawa a haɗa da gashin jima da dafara a yi laso. Haka karan dafi da dukawa ke jan fata da shi. Na'ura ba ta san abu ba sai an taɓa nuna mata shi. Idan ya gama ya dawo, babu ɗakin gwaji, babu gurbi, babu sashen da zai ce nasa ne. Sai ya koma, mu kuma mu ce ya gudu. Amma a juya maganar a gani: wannan giɓi shi ne dukiyar fannin a wurinmu. Hoton Rembrandt ɗaya yana da masana da dama a kansa. Bangon Zariya da allon Yauri suna jiran mutum na farko. Wanda ya fara, duk abin da ya auna sabon ilimi ne, kuma duniya dole ta zo wurinsa ta tambaya.

Sai dai lokaci ba ya jira. Da aka toshe Kwara a Kainji a 1968, an san ranar da ruwa zai zo. An tashi mutane sama da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da yawa suka tafi, aka mai da masu ginin ƙasa cikin gidajen siminti iri ɗaya. Duk wani ado da ke jikin ɗaki ko rumbu ya narke ya koma laka. Amma saboda an san ranar, an turo masu ceto, ko da a gurguje. Ruwan da ke cin mu yanzu ba shi da rana. Siminti ne da ke maye gurbin tubali gida bayan gida, da fentin gwangwani a kan tsohon ado, da alƙalamin kanti mai launi da ya kori tawadar zayyana, da rinin leda da ya shiga marina. Masu sanin haɗin na asali mafi yawansu dattawa ne, 'ya'yansu kuma suna kan babur.

Abin da nake nema ba sabuwar jami'a ba ce, ba kuma gini mai hawa uku da za a yanka masa ƙyalle ba. Digiri na biyu ne guda ɗaya, na haɗin gwiwa, a Zariya, inda sassan suka riga suka kasance, wanda zai karɓi mai digirin sinadarai ya koya masa tarihin zane, ya karɓi mai digirin zane ko Hausa ko Larabci ya koya masa sinadarai, Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da shi, Hukumar Gidajen Tarihi ta buɗe masa taskokinta, jami'o'in Kebbi da Sakkwato su turo matasan malamansu. Aikin ɗaliban farko shi ne tara samfurori: su zauna gaban alaramma yana dafa tawada su auna abin da ya zuba, su bi magini zuwa gindin ɗorawa, su ɗebo yumɓu daga inda matan Shanga da Ngaski ke ɗebowa, su rubuta a jikin kowace kwalba sunan mai sana'ar da garinsa da ranar. A yi kashi biyu, ɗaya a Zariya, ɗaya a Yelwa, inda jikokin masu sana'ar za su iya zuwa su gani. Wannan yana bukatar sa hannun shugabannin sassa uku a kan takarda ɗaya, da na'ura ɗaya, da motar da za ta kai ɗalibai Ngaski kafin ruwan sama ya ɓata hanya.